Ƙwan Zabi: A Bar Wa Gida Rabonsa

Kowace shekara, da shamuwa ta iso, hadari ya fara haɗowa daga gabas, sai zabi su shiga yin ƙwai. Daga wajen watan Mayu har zuwa Satumba ko Oktoba, duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Birnin Kebbi ta ratsa Kalgo zuwa Jega zai ga ƙwan zabi a kwanuka da ƙorai, ɗanye da dafaffe, yara suna bin motoci da shi. Daga ƙauyuka irin su Wurogauri da sauran garuruwan ƙasar Gwandu da Kalgo ake tattaro shi, 'yan sari su haɗa, a ɗora a mota, wani ya nufi Sakkwato, wani ya bi ta Yawuri da Kwantagora ya yi Kudu. Ciniki ne mai kyau, ba kuwa wanda zai ce a daina shi. Amma akwai abu guda da ya kamata manoma su tsaya su duba, watau ƙwan nan duk fita yake yi. A gidaje da yawa inda zabi ke kwana, damina takan zo ta wuce yaro bai ɗanɗana ko guda ba.

Wannan hasara ce babba, kuma gyaranta ba shi da wuya. Abin da ake so shi ne, kowane mai zabi ya riƙa raba ƙwansa kashi uku: na gida, da na ƙyanƙyasa, da na kasuwa. Na gida kuwa shi za a fara warewa.

LOKACIN DA ƘWAN KE ZUWA

A duba lokacin da zabuwa ke yin ƙwai. Shi ne daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada a kasuwa, sabon gero bai nuna ba. Maza suna gona tun asuba, mata ma aiki ya yi musu yawa. A sa'an nan ne kuma zazzaɓin cizon sauro da gudawa suka fi damun ƙananan yara. Yaron da aka yaye, wanda ba ya samun kome sai koko da tuwo da miyar kuka, a wannan lokaci ne yakan rame, gashinsa ya yi ja, wani ma ƙafafunsa su kumbura. Ita ce tamowa, duk wanda ya zauna ƙauye ya san ta.

A shekarar 1918 ba wanda ke ƙidayar irin waɗannan yara, amma bayan shekara ɗari an ƙidaya. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijeriya duka a 1918 ɗin nan da aka ƙara wa ɗari, watau 2018, ya nuna cewa cikin yara 100 'yan ƙasa da shekara biyar, 37 sun tsumbure, tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A Jihar Kebbi kuwa adadin ya kai 66 cikin 100, ya fi na kowace jiha a wannan shekara. Ga shi kuwa jiha ce ta shinkafa da kifi da albasa da shanu. Ashe ke nan ba rashin abinci kaɗai ke kawo abin ba, har da yadda ake rabonsa. Abu mai gina jiki yana fita kasuwa, mai cika ciki kawai ke saura a gida.

To, zabuwa guda, in tana samun kiwo kuma ana ɗebe mata ƙwai a kai a kai, takan yi 50 har zuwa 100 a damina ɗaya. Ba ta neman dusa mai yawa, fari da gara da 'ya'yan ciyawa take bi. Watau a watannin da gida ya fi bukata, ita ce ke kawo abinci mai kyau har bakin danga, ba da an kashe kuɗi ba.

ABIN DA KE CIKIN ƘWAI

Ƙwan zabi ƙarami ne, nauyinsa giram 40 zuwa 45. Na kazar Turawa kan kai giram 55 zuwa 60. Saboda haka ƙwan zabi uku sun tsaya wa na kazar Turawa biyu. A cikin ƙwai akwai sinadarin nan mai gina tsoka da ake kira furotin, a gwaiduwa kuma akwai mai, da abin da ke taimakon ido, da abin da ke taimakon jini da ƙwaƙwalwa. Ba abin mamaki ba ne, gama daga ƙwan nan kaɗai ɗan tsako ke samun ƙashi da nama da gashi kafin ya fito duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa yaro in ya cika wata shida, a ci gaba da ba shi nono, a kuma riƙa ba shi nama ko kifi ko ƙwai kullum. Nama sai ranar kasuwa ko ranar suna. Ƙwai kuwa yana nan a gindin kalgo, bayan gida.

An gwada wannan magana a ƙasar Ekwado, can Amurka ta Kudu. Aka riƙa ba yara 'yan wata shida zuwa tara ƙwai guda kullum har wata shida, aka bar waɗansu a kan abincinsu na yau da kullum. Da aka bayyana sakamako a 2017, sai aka ga tsumburewa ta ragu da kusan rabi a cikin masu cin ƙwai. Da aka sake gwadawa a Malawi, aka bayyana a 2019, ba a ga irin wannan bambanci a tsawon yara ba, amma yaran wurin da ma suna samun kifi a abincinsu. Abin da manomi zai ɗauka a nan shi ne, ƙwai ya fi yin aiki a gidan da nama da kifi ba su cika shiga ba. A ƙauyukan tudu na ƙasar Gwandu, waɗanda ke nesa da gulbi, irin waɗannan gidaje suna da yawa.

CAMFI

Abu na fari da ke hana yara ƙwai shi ne camfi. An ce wai yaron da ya saba da ƙwai ɓarawo zai zama. Waɗansu kuma suna hana mai ciki. In aka bi asalin maganar za a ga dabara ce ta mutanen dā. Kaji kaɗan ne, in yara suka san daɗin ƙwai za su riƙa bin akurki, ba za a sami 'yan tsaki ba, sai aka tsorata su. Dabarar ta tsare kaji, amma ta cuci yara. Ga 'ya'yan ma'aikata a Birnin Kebbi suna cin ƙwai da burodi kowace safiya, ba a ga sun fi na kowa sata ba. Yaron da uwarsa ta dafa ta miƙa masa ba shi da dalilin zuwa gurbi a ɓoye. Wanda aka hana shi ne ke leƙe.

Mai ciki da mai shayarwa kuwa suna cikin waɗanda suka fi kowa bukatarsa. Mai gida ya lura da wannan. Ba daidai ba ne shi ya tsaya teburin mai shayi a soya masa uku, matarsa mai goyo tana gida tana shan farau-farau.

MAGANAR KUƊI

Abu na biyu ya fi camfi ƙarfi, shi ne bukatar kuɗi. Manomi zai ce da kuɗin ƙwan nan yake sayen taki da gishiri da sabulu, wani lokaci ma da shi ake awo. Mace mai zabi biyar za ta ce shi ne adashinta. Gaskiya ne, ba kuwa wanda ya isa ya raina wannan hujja. Amma a yi lissafi. A misali, gida yana da zabi mata goma, a tsakiyar damina ana tsintar ƙwai shida a yini. In an ware biyu, ɗaya na yaron da aka yaye, ɗaya na uwarsa, saura huɗu na nan. Abin da aka rage a ciniki sulusi ne. Sa'an nan a tuna abin da akan kashe in tamowa ta kwantar da yaro: kuɗin mota zuwa asibiti, da magani, da abincin mai jinya, ga gona an bari ciyawa ta cinye a lokacin noman biyu. Wannan ya fi kuɗin ƙwai biyu na damina duka. Rigakafi ya fi magani.

Har wa yau akwai ƙwan da ɗan sari ba ya so, ko kuwa ya saya da arha: ƙanana, da wanda ya ɗan tsage, da wanda ya ɓaci da laka. Maimakon a bayar da shi a wulakance, a dafa shi a ranar, ya dahu sarai, a ba yara.

Hausawa sun ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Maganar tana da wurinta, amma mai kiwo kada ya bi ta har ƙarshe, ko bakin nasa ne ko na kasuwa. Wanda ya sayar da ƙwai duka, baɗi ba shi da zabi. Zabuwa ba ta iya reno ba, takan ja 'ya'yanta cikin raɓa da jiƙaƙƙiyar ciyawa, sanyi ya kashe su. Shi ya sa manoma ke sa wa kaza. Kazar gida takan rufe ƙwan zabi 12 zuwa 15, ta kwanta kwana 26 zuwa 28, maimakon 21 na nata. A zaɓi ƙwan da bai wuce kwana bakwai ba, mai kyan siffa, ba a wanke shi ba. In sun ƙyanƙyashe a tsare su a wuri busasshe mai ɗumi makonnin farko, kada a sake su sai raɓa ta bushe. A gurbin zabuwa kuma a riƙa barin biyu ko uku, a yi musu alama da gawayi, domin in ta tarar da gurbi wayam sai ta sauya wuri, ta tafi inda sai kare ko tunku ne zai gani.

AGWAGWA DA SAURANSU

A garuruwan bakin fadama, wajen Kalgo da Bunza, ana kiwon agwagi, amma mutane da yawa suna ƙyamar ƙwansu, don sun ga inda agwagwa ke kiwo. Ƙwan agwagwa babba ne, giram 70 zuwa 80, kusan biyun na zabi, gwaiduwarsa kuma ta fi maiƙo. Guda ɗaya ya ishi yaro. Ƙyamar tana da ɗan tushe, gama agwagwa takan yi ƙwai a wuri mai damshi da ƙazanta, ƙwayar cutar da ake kira Salmonela kuwa tana iya shiga, ta kawo zazzaɓi da amai da gudawa. A ƙasar Ayalan, a Turai, an yi fama da wannan a 2010, aka gano daga ƙwan agwagwa ne wanda bai dahu ba. Maganin abin wuta ce. A tanadar wa agwagwa busasshen wuri da ciyawa mai tsabta, a ɗebe ƙwai da safe, a dafa shi har fari da gwaiduwa su yi tauri. Mutanen ƙasar Sin, waɗanda suka fi kowa cin ƙwan agwagwa a duniya, sukan jiƙa shi a ruwan gishiri mai kauri wajen wata guda don ya daɗe bai lalace ba, sa'an nan su dafa. Agwagwar gida kuma gwanar kwanci ce. Nata ƙwan kwana 35 yake yi, tana kuma iya rufe na zabi fiye da yadda kaza ke rufewa.

Ƙwan talotalo ana ci, yana da daɗi, amma talotalo ba ta yi da yawa, ɗanta kuwa yana da tsada, saboda haka ƙyanƙyasa ta fi riba. Tattabara biyu kawai take yi a kwanci ɗaya, ta ƙyanƙyashe cikin kwana 18. Wanda ya ci su ya ci 'yan shila biyu tun ba su zo ba.

Sai salwa. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom, kusa da Jos, ita ta shigo da salwar Japan a 1992. Ƙwanta giram 10 ne zuwa 12, sai an haɗa huɗu kafin su kai na zabi guda. A wajen 2012 da 2013 aka yi ta yayata cewa yana warkar da ciwon sukari da hawan jini da asma, har ana shan sa ɗanye ana ƙidayawa kamar ƙwayar magani. Farashi ya hau, mutane suka zuba jari, daga baya kasuwar ta faɗi. Ƙwan salwa abinci ne mai kyau kamar sauran ƙwai, iyakarsa ke nan. Mai ciwon sukari ya ci in yana so, amma kada ya bar maganin likita.

DAHUWA

Ɓawon ƙwan zabi ya fi na kaza kauri nesa ba kusa ba. Shi ya sa yake jure tafiya a mota, yake kuma daɗewa bai lalace ba, shi ya sa ma samari ke kara shi da na juna don a ga na wa zai fashe. Duk da haka a gwada kafin a dafa. A zuba ruwa a kwano a saka shi. Sabo yakan nutse ya kwanta, wanda ya kwana biyu yakan ɗaga kai, wanda ya taso sama kuwa baragurbi ne, a jefar.

In dafawa za a yi, a sa shi a ruwan sanyi a ɗora a wuta. Daga sa'ad da ruwa ya tafasa a ƙidaya minti 10 ga na zabi, 12 zuwa 15 ga na agwagwa, biyar ga na salwa. A tsame a jefa cikin ruwan sanyi, ɓawon zai fi saurin fita. Ga yaro ɗan wata shida zuwa shekara, a murƙushe shi da cokali a gauraya da kunu ko fate. Ana kuma iya fasa shi a kaɗa, a zuba cikin kunu tun yana kan wuta, a yi ta motsawa har ya sake tafasa. In soyawa za a yi, a fasa kowane guda a ƙaramin kwano dabam tukuna, don wake ɗaya shi ke ɓata gari. A yanka albasa da tumatir da ɗan tattasai, a sa ganyen zogale in akwai, a soya da man gyaɗa ko man shanu kaɗan. Da haka ƙwai uku sai su isa yara huɗu su ci da tuwo ko dambu.

Shan ɗanyen ƙwai da madara wai don ƙarin jini, a bar shi. Masana a ƙasar Beljiyam sun auna a 1998, suka tarar jiki yana ɗaukar wajen kashi 90 cikin 100 na furotin ɗin dafaffen ƙwai, na ɗanye kuwa wajen rabi kawai. Ga hasara, ga kasadar cuta. Tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a Jaji ta Jihar Kaduna a farkon 2006, an kuma ƙara sanin cewa in tsuntsaye suna mutuwa a gida, ba a cin su, ba a cin ƙwansu, ba a kai su kasuwa. A sanar da malamin dabbobi.

Wajen ajiya, kada a wanke ƙwai, domin wanki yana cire wani ɗan rufi da ke toshe ƙofofin ɓawo. A goge da busasshen tsumma, a jera a tukunyar ƙasa, tsinin yana ƙasa, a ajiye a inuwa kusa da randa.

NA DAJI A BAR SHI

Yara masu kiwo sukan tsinci ƙwan fakara da na zabin daji, masunta kuma na kirinjijiya da dinya a fadama. Wannan ba ya cikin abin da ake magana. Tsuntsun daji ba mai sa wa kaza ƙwansa, in an kwashe an kwashe ke nan. Dā ana ɗora ƙwan jimina a kan tulluwar ɗaki da masallaci, har yau ma akwai shi a kan hasumiyoyin babban masallacin Jenne a ƙasar Mali. Guda ɗaya ya kai nauyin na kaza 24. Yau ina jiminar take a dazukan ƙasar Hausa? Gauraka ma, wanda dā ake gani garke-garke a fadamu, ya kusa ƙarewa a Nijeriya. Ba wanda ke taɓa ƙwan shamuwa, ga ta kuwa tana dawowa kowace damina. A yi wa sauran irin wannan kara.

GA 'YAN KASUWA DA MA'AIKATA

Ɗan sari ya sani amana ita ce jarinsa. Masu cusa ƙwan da kaza ta kwanta a kai ya ƙi ƙyanƙyashewa cikin sabo, da masu sake ɗumama dafaffen jiya da ya yini a rana, su ne ke ɓata wa ƙwan zabi suna. Matafiyin da ya fasa baragurbi a mota sau ɗaya ba ya ƙara saya. A dafa abin da za a iya sayarwa a yini, a bar mai saye ya gwada ɗanye a ruwa a gabansa.

Ma'aikata da akawuna kuma su daina ganin ƙwan zabi abin ƙauye ne. Zabo tsuntsun Afirka ne, daga nan 'yan Fotugal suka kai shi Turai shekara ɗari biyar da suka wuce, yanzu Faransa tana kiwonsa a manyan gonaki, ana cin sa a manyan gidajen abinci. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, wadda mazauninta ke Kalgo, masu albashi da ɗalibai sun ƙaru a yankin. In suna sayen ƙwan zabi a lokacinsa kai tsaye daga hannun masu kiwo, kuɗin zai zauna a ƙauyukan da ke kewaye, manomi kuma ya sami farashin da zai sa ya iya rage na gida ba da jin ciwo ba. Malaman gona da na asibiti su ma su riƙa faɗar wannan magana a ranar awo da wurin rabon taki, masu unguwanni su taya su.

Zabi dai za su yi nasu aiki, da ruwa ya sauka za su shiga ciyawa. Saura ga mai gida da uwar gida. Kowace safiya in an kawo ƙwai daga gurbi, kafin a ƙidaya wa ɗan sari, a fara cire na ƙaramin yaro da na mai goyo a sa a tukunya, a ware na kaza, abin da ya rage a kai kasuwa. Allah ya ba da damina mai albarka, ya sa a ga kaka lafiya.